Sawun Ayarin Bayi a Bakin Kogin Mississippi

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da tarihi a wata kwalejin horar da malamai, kuma akwai taswirar da nake zanawa a allo duk sanda muka iso darasin Amurka. Sai in fara da 'yar siririyar ƙasa a gaɓar tekun Atlantika, yankuna goma sha uku da suka ɓalle daga Ingila a 1776, sannan in riƙa ƙara mata faɗi da alli mai launi: 1803, 1819, 1845, 1848, har ta taɓo ɗaya tekun. Ɗalibai na son darasin saboda sauƙin haddarsa. Ban taɓa zana mutum ko ɗaya a cikin taswirar ba. Da ƙanena mai aikin jinya a Houston ya gayyace ni in je in ga iyalinsa, na ce masa buƙatata ɗaya ce: ya ɗauki hutun kwana huɗu, ya kai ni inda aka sayar da mutane.

A watan Oktoba na tashi daga Funtuwa zuwa Kano, daga nan Legas, sai jirgi, da yada zango sau ɗaya. Uwargida ta haɗo mini kilishi da yaji da kuka da daddawa. A filin jirgin da muka sauka an tambaye ni ko ina ɗauke da abinci, na ce e. Jami'in ya buɗe jakar, ya ware kilishin gefe, ya ce doka ba ta yarda a shigo da nama ba. Daddawar ya daɗe yana juyawa kafin ya mayar mini da ita. Wani kuma ya tambaye ni abin da ya kawo ni da ranar komawata, ya ɗauki hoton yatsuna, aka sallame ni.

Bayan kwana biyar muka kama hanya da asuba, a babban titi mai lamba 10, muka nufi gabas. Ita kanta Texas da muke bari tana cikin labarin. Ƙasar Meziko ce a da, kuma Meziko ta haramta bauta a 1829. Amurkawan da suka yi kaka-gida a can da bayinsu suka ɓalle a 1836, aka shigar da su Amurka a 1845 a matsayin jihar da ta halatta bauta. Mun sha mai, galan bai kai dala 3 ba. Tafiyar kusan awa shida ce, babu shinge ko ɗaya, babu mai cewa buɗe but, alhali tsakanin Funtuwa da Kano na ƙirga bakwai. Na faɗa wa ƙanena haka, ya ce, "Yaya, a da akwai su. Bawa ba ya fita daga gona sai da takardar izinin ubangijinsa, kuma 'yan sintiri ne ke tare hanya suna dubawa." Muka bi ta wata gada mai tsawon kilomita 29 a kan fadamar Atchafalaya, ruwa da itatuwa dama da hagu har iyakar gani.

A New Orleans mun kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a wajen gari, dala 95 kwana ɗaya, gado biyu. Abinci sai da lura, don alade na shiga kusan kowace tukunya. Na ga shinkafa da wake na yi murna na ce ga garau-garau, matar da ke kawo abincin ta ce an dafa waken da naman alade. Sai muka ci soyayyar tarwaɗa. Washegari muka samu inda suke yin miyar nan tasu, gumbo, da jatan lande kawai. Cokalin farko na gane kuɓewa, da ɗan yauƙinta. Ita ma daga Afirka ta ƙetaro.

Da yammar ranar da muka iso muka je Cabildo, tsohon gidan gwamnati da ke kusa da babbar majami'a a tsakiyar tsohon gari. A wani ɗaki na saman bene, ranar 20 ga Disamba 1803, wakilin Faransa ya miƙa wa Amurka yankin Louisiana. Dala miliyan 15 Shugaba Thomas Jefferson ya biya, ƙasar kuwa ta haura murabba'in kilomita miliyan 2, wato ta ninka Najeriya fiye da sau biyu. Abin da ya sa Napoleon, mai mulkin Faransa a lokacin, ya sayar ya daɗe yana ci mini rai. Bayin Haiti, ƙasar sukari da Faransa ke mulka, su ne suka yi tawaye tun 1791, rundunar da ya aika ta mayar da su cikin mari ta ƙare a hannunsu da hannun zazzaɓin shawara. Da tsibirin sukari ya kuɓuce masa, sai Louisiana ta zama ba ta da amfani a gare shi. Ashe nasarar da wasu bayi suka samu da jininsu ita ta buɗe sabuwar ƙasar da za a cika da wasu bayin. Kuma a ganina kalmar "saye" ma ta yi wa abin ado. Akasarin ƙasar nan akwai masu ita, ƙabilun asali da ba a tambaye su ba. Abin da Faransa ta sayar shi ne damar ƙwacewa daga hannunsu ba tare da wata ƙasar Turai ta sa baki ba.

Na tambayi inda kasuwar bayi take, ina zaton wuri guda ne, kamar yadda ake nuna ɓangaren da aka sayar da bayi a Kurmi ta Kano. Ba haka ba ne. Wurare sama da 50 ne a warwatse cikin gari: gidajen dillalai masu dogayen katangu, da shaguna, har da zauren wani babban otal mai suna St. Louis inda ake gwanjon mutane tare da kayan ɗaki. Yanzu 'yan alluna ne a bakin titi, masu yawon buɗe ido na wuce su da kofin shayi a hannu. Wannan ce kasuwar bayi mafi girma a Amurka kafin yaƙin basasar da aka yi tsakanin jihohin Arewa da na Kudun ƙasar.

Rana ta biyu muka tafi gonar Whitney, tafiyar kamar awa ɗaya, a gaɓar kogi. Lokacin yankan rake ne, manyan motoci na ta jigila, hanya duk ɓawon rake da laka. Dala 25 kowannenmu ya biya. Wani Bajamushe ne ya kafa gonar a 1752, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 2014, kuma ta bambanta da sauran gonakin yankin da ke nuna wa baƙi kujeru da farantan masu gida. A nan labarin bayi ake bayarwa. Mai jagorantar bincikensu ma ɗan Senegal ne, Dakta Ibrahima Seck.

Tukwanen dafa ruwan rake na fara tsayawa a kai. Na ƙarfe ne, buɗaɗɗu, babbar cikinsu mutum zai kwanta a ciki. Duk wanda ya taɓa ganin ana yin mazarƙwaila a Maƙarfi ya san zafin wurin, ya san yadda ruwan ke tafasa yana tartsatsi. To a nan, daga Oktoba har ƙarshen shekara wutar ba ta mutuwa dare da rana, domin rake in an yanke shi ba ya jira, kuma sanyi na iya lalata wanda ke tsaye. Mutum na kwashe tafasasshen ruwa daga wannan tukunya zuwa waccan da doguwar ludayi, ga barci a idonsa. Na leƙa ɗakunan kwanansu na katako, iska na shigowa ta tsagar bango. A cikin wata majami'a an jera mutum-mutumin yara, wasu a zaune a benci, ƙafa ba takalmi. Akwai kuma fili da aka rubuta sunayen yara 2,200 'ya'yan bayi da suka mutu a wannan gunduma kaɗai tsakanin 1823 da 1863. Ƙanena, wanda aikinsa ke nan ganin marasa lafiya kullum, ya karanta kaɗan ya koma gefe ya zauna.

Can gaba akwai kawunan yumɓu a kan sanduna, don tunawa da tawayen watan Janairun 1811, lokacin da ɗaruruwan bayi ƙarƙashin Charles Deslondes suka nufi New Orleans da adduna da 'yan bindigogi. Cikin kwana biyu aka murƙushe su, aka sare kawunan da yawa aka kafa a kan sanduna a bakin kogi don a tsorata saura. Shekara bakwai ke nan da zaman yankin ƙasar Amurka.

Sai bangayen dutse masu ɗauke da sunayen mutum 107,000 da aka bautar a Louisiana, waɗanda masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta tono daga takardun ciniki da na rabon gado. Suna ɗaya-ɗaya ne, ba sunan uba. Na ga Musa da Samba da rubutun Faransanci. Magatakardan wancan zamani sukan rubuta ƙabilar bawa, kuma cikin waɗanda suka rubuta akwai Bambara da Wolof da Fulani da Yarbawa da Ibo, akwai kuma Hausa. Na san yawancin Hausawan da aka gangara da su bakin teku Bahia ta Brazil aka kai su. Amma ga shi wasu sun iso nan. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya san Katsina ko Zazzau, yana juya wannan ludayi, ba wanda zai ce wa sannu da aiki da harshensa.

A nan wata dattijuwa baƙar fata ta same ni. Daga Chicago ta zo, iyayenta 'yan Mississippi ne. Hulata ta gani ta tambaye ni ƙasata. Da na ce Najeriya, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ɗana, in tambaye ka, kada ka ji haushi. Mutanenku sun san sun sayar da mu?"

Na ce, "Mama, wasu sun sani. Yawanci ba ma maganar." Na gaya mata kakan mahaifina yana da rinji, wato ƙauyen bayi masu yi masa noma, kuma jikokinsu na nan, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, kowa ya san asalin kowa amma ba a faɗa. Na so in yi mata bayanin bambanci: cewa a wurinmu ɗan da kuyanga ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, har sarauta yakan ci, akwai murgu da bawa ke biya ya yi aikin kansa har ya fanshi kansa, alhali a Virginia tun 1662 doka ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, ko da mai gonar ne ubansa. Duk gaskiya ne, na kuma faɗa mata a taƙaice. Amma ina faɗa ina jin nauyin bakina, domin yarinyar da mahara suka fizge daga bayan uwarta a kudancin Zariya ba ta amfana da wannan bambanci ba a daren da aka ɗaure ta. A Arewacin Najeriya sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a doka. Dattijuwar ta kama hannuna da hannu biyu, ta ce ita iyakar abin da ta iya bi a danginta shi ne wata kaka da aka ce daga Virginia aka kawo ta a ƙafa. Ko sunan uwar kakar ba a sani ba.

Wannan "a ƙafa" shi muka bi washegari. Muka hau titi mai lamba 61 ta Baton Rouge, muka yi sallar azahar da la'asar ƙasaru a wani wurin hutawa a bakin hanya, muka shiga Natchez da rana tsaka. Gari ne a kan tudu yana kallon kogi, cike da manyan gidaje farare masu ginshiƙai. Masauki dala 80. Kasuwar da muka zo nema, Forks of the Road, sai da muka wuce ta muka dawo. Ɗan fili ne a mahaɗar tituna, bai kai filin ƙwallon unguwa ba, da 'yan alluna. A ƙasa an binne mari da sarƙoƙi cikin siminti, rabinsu a waje. Na tsuguna na taɓa. Ƙarfen ya ɗau zafin rana. Akwai zoben da faɗinsa bai wuce in zagaye shi da yatsu biyu ba.

Daga 1 ga Janairun 1808 Amurka ta hana shigo da bayi daga Afirka. A allona nakan rubuta wannan shekara kamar wani ci gaba. A gaskiya cinikin gida ya koma. Ƙasar taba a Virginia da Maryland ta gaji, masu gonaki suna da bayin da suka fi ƙarfin aikinsu, ga sabuwar ƙasa a kudu maso yamma tana neman hannu. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi zuwa sababbi. Kamfanin Isaac Franklin da John Armfield na tara mutane a garin Alexandria kusa da Washington, ya turo wasu ta jirgin ruwa zuwa New Orleans, wasu kuma a ƙasa: ayari na mutum ɗari biyu ko uku, maza bibbiyu a sarƙa ɗaya, mata da yara a baya, tafiyar sama da kilomita 1,500. In sun kusa isowa sai a tsaya a yi musu wanka, a ba su sababbin tufafi don su yi kyan gani. Matasa dillalai suka fi so, saboda haka miji ake ɗauka a bar mata, a ɗauki 'yar shekara goma sha huɗu a bar uwa. Kasuwar ma ta dawo wannan mahaɗa ne a 1833, bayan hukumar gari ta kori dillalai daga cikin birni don tsoron kwalara. Sojoji baƙar fata na rundunar Arewa ne suka rushe ta a 1863.

Ƙasar da aka kawo su su nome kuwa ta ƙabilun Choctaw da Chickasaw ce. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun asali zuwa yammacin kogi, dubbai suka mutu a hanya. Wani ayari na fita, wani na shigowa, a shekaru guda. Bayi a jihar Mississippi ba su kai 33,000 ba a 1820. A 1860 sun haura 436,000, sun fi 'ya'ya yawa. A ƙasar baki ɗaya, daga kusan 700,000 a ƙidayar 1790 sun kai kusan miliyan 4.

Da yamma muka haye gada zuwa ɗaya gaɓar, na roƙi ƙanena ya tsaya a bakin wata gonar auduga da ba a girbe ba. Na ciri ƙulli ɗaya, ƙayar kwanson ta soke ni a gefen farce, daidai inda take sukata ina yaro a gonar mahaifinmu. Na tuna mahaifiyarmu da magurjinta, dutse da ɗan ƙarfe, tana fitar da gurya a hankali, yini guda ba ta cika ƙwarya. Wannan jinkiri shi ya hana auduga zama babbar sana'a a Amurka, har Eli Whitney ya ƙera injin gurza a 1793 (sunansa ne kawai ya zo ɗaya da na waccan gona). Injin ya sauƙaƙa gurza, amma cira sai da hannu, don haka yunwar ƙasa da yunwar bayi suka tashi tare. Kafin yaƙin basasa auduga ta fi rabin abin da Amurka ke sayarwa waje, akasari ga masaƙun Ingila. Su kuma Ingilishi, don kada su dogara da Amurka kaɗai, suka kafa kamfanin audugar nan a 1902 da iyayenmu ke kira Bisije, aka kawo mana irin auduga na Allen wanda asalinsa na Amurka ne. Ƙanena ya ce, "Yaya, ashe audugar Baba 'yar nan ce."

Kafin magariba muka gangara tsohuwar tashar jiragen ruwa da ke ƙarƙashin tudun. A nan aka sauke Abdurrahman ɗan Almami Ibrahima Sori na Futa Jalon (cikin ƙasar Gini ta yau) a 1788, Bafulatani, mai karatu, jagoran mayaƙa da aka kama a yaƙi. Wani manomi, Thomas Foster, ya saye shi. Shekara 40 ya yi yana bauta. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta kai ga Sarkin Maroko, gwamnatin John Quincy Adams ta sa baki aka sake shi a 1828. Ya zaga biranen Arewa yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, abin da ya tara bai isa ba. Ya tafi Laberiya da matarsa a 1829, ya rasu a can cikin 'yan watanni, bai ga garinsu Timbo ba, akasarin zuriyarsa na cikin bauta a Mississippi. Muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a, da shi da waɗanda ba su da wasiƙar rubutawa.

A ranar ƙarshe muka bi hanyar Natchez Trace zuwa kusa da Port Gibson, inda aka bar wani yanki na tsohuwar turbar da ayarin bayi ke bi yadda take. Ƙasar wurin laushi gare ta, sawun mutane da kofato da ƙafar keken doki sun cinye ta har ta zama kwari, bangon dama da hagu ya fi tsayina, saiwoyi a waje. Babu kowa sai mu. Na cire takalmi na taka kaɗan. A mota ƙanena ya tambaye ni yadda aka yi abin ya kai ga yaƙi. Na ce masa duk sabon yankin da aka samu tambaya ɗaya yake tayarwa: da bayi ko babu? Domin kowace jiha kujera biyu gare ta a majalisar dattawa. A 1820 aka yi yarjejeniyar shigar da Missouri da bayi, Maine babu, aka ja layi a taswira tsakanin inda za a yi bauta da inda ba za a yi ba. Ƙasar da aka ƙwace daga Meziko a 1848 ta sake tayar da rigimar, dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta goge layin, a 1861 aka ɗauki bindiga, sai 1865 aka soke bauta. Kwana huɗun nan, mai da masauki da abinci da kuɗin shiga, sun ci mana kusan dala 700, kuma shi ya biya kaso mafi tsoka.

Mako biyu da dawowata na je gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta haura tamanin. Na kai mata turare da man zafi. Bayan an gaisa na ce, "Gwaggo, mutanen rinjin kaka, kin tuna sunayensu?" Ta dube ni ta ce me ya kawo wannan magana. Na ba ta labarin dattijuwar Chicago. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta fara lissafo tsofaffin da ta tarar tana yarinya. Ta kawo huɗu. Ta huɗun mace ce mai tsaga a goshi, wadda Hausarta ba ta fita sosai har ta mutu, kuma in tana daka takan yi wata waƙa da ba mai gane ta. Na tambayi garinsu. Gwaggo ta ce ba a taɓa tambayarta ba, amma jikanta na nan da rai, yana sayar da hatsi ranar kasuwa. Na rubuta sunayen huɗu a littafin da na tafi da shi Amurka, na ce mata ranar kasuwa mai zuwa zan neme shi.